A Raba wa Mabuƙata ko a Zuba a Aikin Unguwa? Zaɓin da Ke Gaban Ƙungiyoyin Hausawa a Legas

Kusan kowace ƙungiyar Hausawa a Legas, ko ta masallacin unguwa ce a Agege, ko ta 'yan kasuwa a Mile 12 da Alaba Rago, ko ta mazauna layi ɗaya a Idi-Araba, takan wayi gari wata rana da kuɗi mai ɗan kauri a hannu: wani attajiri ya cika alkawari, ko ɗan takara ya aiko da gaisuwa, ko kuma kuɗin wata ne ya taru ya yi auki. A ranar nan ne kwamiti yake rabuwa biyu. Wasu su ce a raba wa raunana, 'yan dako da masu tura baro da matan da mazajensu suka rasu, domin a ganinsu idan talaka ya samu sauƙi shi ma zai fara sa hannu a aljihu in an tashi karo-karo. Wasu kuma su ce a zuba kuɗin gaba ɗaya a rijiyar burtsatse ko taransifoma, domin abin da aka raba kafin mako ya zagayo ya ƙare, rijiya kuwa tana nan shekara da shekaru. Kowane ɓangare yana dogara ne da wani zato game da yadda mutum yake sauya gudummawarsa idan aljihunsa ko na maƙwabcinsa ya sauya, kuma wannan zato abu ne da masana tattalin arziki suka daɗe suna aunawa da lissafi da gwaji. Abin da suka gano bai ba kowane ɓangare gaskiya ɗungurungum ba, amma yana nuna wa kwamiti irin kuɗin da ya dace da kowace hanya.

Akwai kuɗin da ba ya cikin wannan muhawara tun asali, shi ne zakka. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni takwas da ake ba wa, kuma mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa ba a gina masallaci ko gada ko makamantansu da ita. Wanda ya kawo zakkarsa, rabawa za a yi, ko asusun aiki ya ƙaru ko ya ragu. Maganarmu tana kan sadakar ganin dama, da kuɗin ƙungiya, da gudummawar da ta zo daga waje, waɗanda kwamiti yake da ikon karkatar da su inda ya ga ya fi. Aikin da ake magana a kansa kuma shi ne irin wanda da zarar an samar da shi ba a iya hana wanda bai biya ba ya amfana: fitilar bakin layi tana haska wa kowa hanya, mai gadin dare ba ya tsallake ƙofar wanda bai ba da kuɗin gadi ba, kwatar da aka yashe tana kwashe ruwan kowa. A irin wannan aiki ne cin bulus yake da daɗi, domin kowa yana iya naɗe hannu ya jira wani ya biya.

A shekarar 1983 wani masanin tattalin arziki da ke koyarwa a Ostireliya, Peter Warr, ya fito da wani sakamako da ya ba mutane mamaki. Ya nuna cewa idan aka ɗebi kuɗi daga wani mai ba da gudummawa aka miƙa wa wani mai ba da gudummawa, jimillar abin da ake tarawa ba za ta motsa ba ko kaɗan. A ƙaddara, don misali kawai, dillalan tumatir biyu ne suke riƙe da asusun gadi da fitilun wani layi. Na farko yana samun naira 500,000 a wata, yana ba da 100,000. Na biyu yana samun 450,000, yana ba da 50,000. Kowannensu 400,000 take rage masa ta hidimar gida, asusu kuma yana da 150,000. To, idan aka karɓi 30,000 daga na farko aka ba na biyu, na farko zai rage gudummawarsa zuwa 70,000, na biyu ya ɗaga tasa zuwa 80,000. Kowa ya koma inda yake jiya: 400,000 a gida, 150,000 a asusu. Dalilin kuwa shi ne kowannensu tun farko ya riga ya tsayar da abin da yake ganin ya dace tsakanin cefanen gidansa da tsaron layinsa, kuma sauyin da aka yi bai taɓa jimillar dukiyar masu biyan ba, sunan mai riƙe da ita kawai ya sauya. Darasin da ke cikin wannan ga kwamiti a fili yake: tallafin da ke zagayawa tsakanin masu hali, kamar rage wa wani babban ɗan kasuwa kuɗin rumfa a ɗora wa takwaransa, ba ya ƙara wa aikin unguwa ko kwabo.

Shekara uku bayan haka, a 1986, wasu masana uku na Jami'ar Michigan a Amurka, Theodore Bergstrom da Lawrence Blume da Hal Varian, suka faɗaɗa lissafin, suka kuma nuna iyakarsa. Sakamakon Warr yana tsayawa ne muddin abin da aka ɗeba daga mutum bai kai abin da yake bayarwa ba, kuma muddin mai karɓa yana cikin masu bayarwa tun da farko. Idan kuɗin ya tsallaka zuwa hannun wanda ba ya ba da komai, labari ya sha bamban. A sa mutum na uku a cikin misalinmu, ɗan dako mai samun 100,000 a wata, wanda ba ya sa komai a asusu saboda kuɗin ɗaki da abinci da abin da yake aikawa gida Arewa sun cinye samunsa. In aka ba shi waccan 30,000, ya zama mai 130,000, har yanzu yana nesa da matakin da zai ga ya dace ya biya kuɗin fitila, don haka zai kashe ta a kan abin da ya fi matsa masa, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Dukiyar masu biya kuwa ta ragu, saboda haka asusu zai ragu. Wannan shi ne hujjar masu cewa kada a raba, kuma lissafi yana tare da su a kan alƙiblar sauyin.

Sai dai ya kamata a dubi girman raguwar, domin a nan ne masu wannan ra'ayi suke wuce gona da iri. Idan dillalan biyu suka ci gaba da riƙe ma'aunin da suke yi a da tsakanin gida da asusu, na farko zai ba da kimanin 82,600, na biyu kuma, da ya ga giɓi, zai ƙara tasa zuwa kimanin 62,600, jimilla ta tsaya a wajen 145,000. Asusu ya yi asarar kimanin 5,000, ɗan dako ya samu 30,000. Ragowar 25,000 daga cefanen masu hali ta fito. Alƙaluman misali ne, amma siffar sakamakon ba ta dogara da su ba: mai kuɗi ba ya zare duk abin da ya rasa daga gudummawarsa, kuma sauran masu biya sukan toshe wani ɓangare na giɓin. A ganina wannan ya rushe da'awar ɓangarorin biyu lokaci guda. Mai cewa rabon kuɗi zai sa talaka ya fara biya, mafi yawan lokaci fata yake yi. Mai cewa rabon zai kashe aikin unguwa, shi ma tsoratarwa yake yi da abin da bai kai ya kawo ba.

Akwai wani zato a ƙarƙashin duk wannan lissafi da ya kamata mazaunin Legas ya tsaya a kansa, wato zaton cewa mai kuɗi yana buƙatar aikin kamar yadda talaka yake buƙatarsa. Masanin tattalin arziki Mancur Olson ya yi bayani tun 1965 cewa babba a cikin jama'a yakan ɗauki nauyin aikin kowa saboda shi ne ya fi kowa cin moriyarsa, har ƙanana su riƙa rakuɓewa a jikinsa. Wannan gaskiya ne ga dillalin da ke da buhunan albasa na miliyoyi jibge a rumfa cikin dare, domin ko ba wanda ya taimaka masa dole ya biya masu gadi. Amma a Legas mai hali yana da ƙofar fita daga yawancin matsalolin unguwa. Yana haƙa rijiyarsa a tsakar gidansa, ya sayi janareto ko ya ɗora farantan sola a rufi, ya sa 'ya'yansa a makarantar kuɗi, in abin ya ishe shi ya kwashe iyalinsa zuwa rukunin gidaje mai shinge da masu tsaro a bakin ƙofa. Daga ranar da ya samu mafita ta kansa, taruwar dukiya a hannunsa ta daina amfanar asusun unguwa. Saboda haka kafin kwamiti ya yarda da hujjar cewa a bar kuɗi a hannun manya su ne masu yin aiki, sai ya tambayi kansa ko manyan nan suna shan ruwan famfon da ake son gyarawa.

Da aka kai wannan lissafi ɗakin gwaji, an ga inda mutane suke saɓa masa. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar McMaster ta Kanada, aka wallafa a 1996, jimillar abin da rukuni yake tarawa ta bi hasashen Bergstrom da abokansa, amma ɗaiɗaikun mutane ba su bi ba: waɗanda aka ba ƙaramin rabo na kuɗin gwajin sun ba da fiye da abin da lissafi ya yi hasashe, masu babban rabo sun ba da ƙasa da shi. Wani gwajin na Todd Cherry da abokan aikinsa a 2005 ya samu cewa gudummawa tana raguwa idan an fara gwajin da rabon kuɗi marar daidaito. A wajen ɗakin gwaji kuma, Benjamin Olken da Monica Singhal sun duba bayanan gidaje a ƙasashe goma masu tasowa, suka wallafa a 2011 cewa a irin wannan karo-karo na al'umma masu kuɗi suna biyan adadi mafi yawa, amma talakawa ne suke biyan kaso mafi girma na abin da suke samu, kuma da yawansu da ƙarfin jiki suke biya. Duk wanda ya taɓa zama a wurin ƙaddamar da gidauniya bayan sallar isha ya ga wannan da idonsa. Sakatare yana riƙe da littafi, mai sanarwa yana kiran suna da adadi a lasifika, Alhaji wane ya ba da dubu ɗari biyu a yi kabbara, sannan wani mai wankin takalmi ya matso a hankali ya ajiye dubu biyu da ya naɗe a tafin hannunsa, ba a ma ji sunansa sosai ba. Dubu biyun nan ta fi ciwo a aljihunsa fiye da yadda dubu ɗari biyu ta yi wa Alhaji, kuma gobe da safe shi za a gani da shebur a bakin ramin. Wanda littafin ma'aji ya nuna a matsayin marar biya, sau da yawa yana biya ta hanyar da littafin ba ya rubutawa.

Hanya ta biyu, wato a zuba kuɗin kai tsaye a aikin, ita ce ta fi kwantar da hankalin kwamiti, domin akwai abin da za a nuna a ƙarshe. Haɗarinta shi ne babban kuɗi yakan kori ƙanana. Lissafin farko na Warr da na Russell Roberts a 1984 ya yi hasashen cewa duk nairar da hukuma ta karɓa daga masu bayarwa ta zuba a aikin, za su janye naira guda daga tasu gudummawar. A zahiri korar ba ta kai haka ba, kuma James Andreoni ya ba da dalili a 1989 da 1990: mutum ba don aikin ya tabbata kaɗai yake bayarwa ba, yana jin daɗin a ce da hannunsa a ciki. Ga Musulmi wannan dalili ya fi haka ƙarfi, domin mai neman ladan sadaka mai gudana ba ya samun ladansa daga kuɗin da wani ya bayar, kuma labarin Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a yana cikin abin da ake jawowa a duk wa'azin neman taimakon ruwa. Shi ya sa aikin masallaci da makarantar Islamiyya da rijiya ba sa shan wahalar wannan kora kamar yadda kuɗin gadi da kuɗin kwashe shara suke sha, tunda ba kasafai ake jin mai wa'azi yana ambaton ladan biyan masu kwasar shara ba, ko da yake kawar da ƙazanta daga hanya sadaka ce a nassi.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan babi shi ne binciken Andreoni da Abigail Payne na 2011 kan ƙungiyoyin agaji a Amurka. Sun samu cewa idan ƙungiya ta karɓi tallafin gwamnati, gudummawar jama'a tana raguwa da kimanin kashi 75 cikin ɗari na tallafin, amma kusan duk raguwar ta faru ne saboda ƙungiyar da kanta ta sassauta neman taimako. Masu bayarwa ba su gudu ba, masu roƙo ne suka zauna. Wannan hali sananne ne a wurinmu. Da zarar wani babba ya ce, "Malam Sakatare, ku bar mini maganar taransifoman nan," sai littafin karo-karo ya shiga aljihun tebur, a daina bi gida-gida, kuma ranar da taransifoman ya ƙone ko aka sace wayarsa, sai a tarar al'adar biyan ma ta mutu, dole a sake komawa ƙofar mutum ɗaya ana "ranka ya daɗe". Kwamitin da ya zaɓi wannan hanya yana iya kauce wa mafi yawan asarar da abu guda, shi ne kada ya rufe littafin.

Hanya ta uku tana tsakanin biyun, kuma ita ce ba a cika kawowa a teburin shawara ba: a riƙe babban kuɗin a matsayin abin jan hankalin ƙananan masu bayarwa. Iri biyu ne. Na farko a sanar cewa an riga an samu wani kaso na kuɗin aikin, saura a cike. John List da David Lucking-Reiley sun gwada wannan a jihar Florida, suka wallafa a 2002 cewa da aka ɗaga kuɗin somin-taɓi daga kashi 10 zuwa kashi 67 cikin ɗari na abin da ake nema, gudummawar jama'a ta ninka kusan sau shida. Na biyu a ce duk wanda ya ba da naira, attajiri zai ɗora naira a kanta. Dean Karlan da List sun aika wasiƙu ga mutum fiye da 50,000 a Amurka, suka samu a 2007 cewa irin wannan tayi ya ƙara yiwuwar mutum ya bayar da kashi 22 cikin ɗari, amma alkawarin ninki biyu ko uku bai ƙara komai a kan na naira bisa naira ba. Ba za a ɗauki waɗannan alƙaluma a ɗora wa Agege yadda suke ba, tunda mutanen da aka gwada da su da yanayinsu daban ne, amma dalilin da ya sa dabarar take aiki ba baƙo ba ne: talaka ba ya son jefa kuɗinsa a aikin da yake zargin ba za a gama ba, kuma ganin an riga an yi nisa yana cire masa wannan zargi. Raunin hanyar shi ne gaba ɗayanta a kan amana take tsaye. Alkawarin da aka yi a lasifika ba kuɗi ba ne sai ya shiga asusu, kuma idan jama'a suka cika nasu sau ɗaya attajiri bai cika nasa ba, an ƙona dabarar ke nan na tsawon shekaru. Ya fi kyau kuɗin ya shiga asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku kafin a yi sanarwa.

Har zuwa nan ana magana ne kamar duk ayyukan unguwa iri ɗaya ne, a tara kuɗi, jimilla ta sayi abu. Taransifoma haka yake, haƙa rijiya ma haka, ba ruwan mai haƙa da ko mutum ɗaya ne ya biya ko mutum ɗari. Amma a 1983 Jack Hirshleifer na Jami'ar Kalifoniya ya ja hankali ga wani irin aiki da ba jimilla ke yanke hukuncinsa ba, mafi rauni ne yake yankewa. Ya ba da misalin tsibirin da kowa yake gina katangar tare ambaliya a bakin gonarsa, inda ruwa zai shiga ta wurin mai gajeriyar katanga ya cinye kowa. Mazaunin Legas ba ya buƙatar tsibirin ƙage don ya gane wannan. A dubi kwatar da ta bi ta gaban gidaje goma sha biyu a layi ɗaya. Alhaji da ke farkon layi ya sa an yi wa tasa siminti, an rufe ta da sulab, duk mako yaransa suna yashewa. A tsakiyar layi akwai gidan haya mai ɗakuna jere suna fuskantar juna, mai gidan yana wani gari, 'yan hayar kuma masu fita tun asuba ne su dawo bayan isha, gaban gidan ya cushe da ledar ruwa da robobi da yashi. Ruwan Yuni da Yuli in ya sauko, a nan yake tsayawa, ya yi baya ya shiga shagon Alhaji duk da simintinsa. Ko Alhaji ya ninka abin da yake kashewa a gaban gidansa sau goma, ruwan ba zai wuce ba. Haka abin yake ga gidan da ba ya biyan masu kwasar shara yana zubarwa a kwata da dare, da ƙofar layin da aka bari a buɗe, da yaron da ba a yi wa rigakafi ba.

A irin wannan aiki lissafin da ya gabata yana juyewa gaba ɗaya: karkatar da kuɗi daga mai ƙarfi zuwa mafi rauni shi ne yake ƙara abin da kowa zai samu, har da mai ƙarfin. A nan masu cewa a taimaki raunana suke da gaskiya, sai dai siffar taimakon tana da muhimmanci. Tsabar kuɗi a hannun mutumin da ake binsa kuɗin ɗaki ba za ta tafi kwata ba. Abin da yake kai wa ga manufa shi ne ƙungiya ta biya wa gidan kuɗin shara kai tsaye, ko ta sayi shebur da baro da safar hannu, ko ta ɗauki matasan gidan aikin yashewa ta biya su lada. Ta haka kuɗi ya shiga hannun mabuƙata, aikin kuma ya tabbata, kuma wannan ne wuri guda da ɓangarorin kwamiti biyu suke iya samun abin da kowannensu yake so da kuɗi ɗaya.

Sai maganar kula da abin da aka gina, wadda ita ce take kayar da yawancin ayyuka. Gina rijiya biya ɗaya ne, amma tura ruwa zuwa tanki biyan kullum ne. Bayan da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a Legas ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka nesa, kuma duk rijiyar da take dogara da janareto ta ji a jikinta. Irin wannan ɗawainiya ba ta dace da gidauniya ba, domin ba wanda ake yi wa kabbara saboda ya sayi lita biyar, kuma ba ta dace da kyautar mutum ɗaya ba, domin ranar da kasuwarsa ta faɗi famfo ya tsaya. Abin da ya dace da ita shi ne kuɗin wata mai hawa-hawa: mai gida ya fi ɗan haya, mai shago ya fi mai tebur, ɗan ga-ruwa da yake ɗiba don sayarwa ya biya gwargwadon jarkokinsa, wanda ba shi da kuɗi kuma a karɓi aikinsa a rubuta masa a littafi kamar yadda ake rubuta kuɗi. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta samu cewa al'ummomin da suka daɗe suna riƙe da kayan haɗaka ba tare da sun lalace ba suna da wasu siffofi, daga ciki akwai daidaita abin da mutum yake biya da abin da yake amfana, da sa ido, da hukunci mai farawa daga ƙarami. Kuɗin wata mai hawa-hawa shi ma sake rarraba nauyi ne daga marar ƙarfi zuwa mai ƙarfi, illa dai an yi shi ne a cikin biyan, ba a fitar da kuɗi daga asusu ba.

Akwai yanayi ɗaya da raba tsabar kuɗi ko jari yake dawo wa asusu da riba ko da aikin na jimilla ne, shi ne lokacin da masu karɓa suke dab da layin da ya raba masu biya da marasa biya. Gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni, 2022, ta ƙara huɗu daga 1 ga Satumba, cikinsu har da Kosofe inda Mile 12 take da Mushin inda Idi-Araba take. Ɗan acaɓan da yake biyan kuɗin ƙungiya a kai a kai kafin wannan doka, sannan ya daina saboda sana'arsa ta tsaya, ba daidai yake da wanda bai taɓa samun halin biya ba. Shi ya saba da biyan, sunansa yana littafi, abin da ya rasa hanyar samu ce. Taimakon da ya mayar da shi kan wata sana'a yana mayar da mai biya ɗaya cikin asusu.

Wannan yana kai mu ga shawarar da ta fi kowace wuya ga kwamitin da ya riga ya zaɓi rabawa. Naira miliyan biyu idan aka raba wa mutum ɗari, kowa ya tashi da 20,000, an share hawaye na 'yan kwanaki, ba wanda zai yi ƙorafin an manta da shi, amma ba mutum ɗaya da zai tsallaka zuwa sahun masu biya. Idan aka ba mutum huɗu 500,000 kowanne a matsayin jari, akwai yiwuwar su huɗun su zama masu biya na dindindin, amma mutum casa'in da shida za su tambayi dalilin da ya sa ba su ba ne, kuma idan aka tarar biyu daga cikin huɗun dangin shugaba ne, abin da ƙungiya za ta rasa na yardar jama'a ya fi abin da huɗun za su taɓa biya. Ƙungiyar da take son bin wannan hanya tana buƙatar ta rubuta sharuɗɗan cancanta tun kafin a san sunayen masu nema, ta ba da jarin a matsayin rance marar ruwa da ake mayarwa kaɗan-kaɗan don ya zagaya zuwa ga na gaba kamar adashi, ta yi ƙuri'a a bainar jama'a idan waɗanda suka cancanta sun fi gurbin yawa, kuma ma'aji ya riƙa karanta abin da ya dawo da sunan wanda layi ya zo kansa a kowane taron wata.